Aisi Mai Ƙafa 24

A ƙarshen shekarun 1990 ina yaron shago wajen wani mai gyaran rediyo da talabijin a Sabon Gari, Kano. Shagon ƙanƙane ne, kullum warin dalma da ƙura. Lokacin gidajen gem sun cika unguwanni, yara na biyan kuɗi su buga Sonic ko Mortal Kombat a Sega Mega Drive, yawancin na’urorin ’yan gwanjo ne.

Wani magidanci ya kawo tasa a cikin leda. Da ita yake ciyar da iyalinsa. Kiɗa na tashi, amma hoton ya dagule, launuka sun cakuɗe. Maigidana ya buɗe ta, ya bi layukan fanel da mita, ya tsaya kan wata ’yar baƙar aisi ta Samsung mai ƙafa 24, an rubuta KA2195D a bayanta.

“Ga mai laifin,” in ji shi.

Wallahi ban gane ba a lokacin. Na zaci babbar aisin tsakiya ce komai. Daga baya na fahimci cewa babbar tana fitar da hoto ne a launi uku, ja da kore da shuɗi, ita kuwa ƙaramar ta haɗe su cikin waya ɗaya yadda talabijin zai karɓa. Sai kuma na gane abin da ya sa wasu gem ɗin Japan da Amurka ke nuna baƙi da fari a wajenmu alhali lafiyarsu lau: su tsarin NTSC suke bi, talabijin ɗinmu kuwa PAL.

Sabuwa ba ta samuwa a kasuwa. Maigida ya jawo wata matacciyar Sega daga ƙarƙashin benci, mai ɗauke da CXA1145 ta Sony, wadda ƙafafunta suka zo daidai da na Samsung ɗin. Sannan ya miƙo mini ƙarfen dalma.

“Hannunka ya fi nawa tsayuwa. Bismillah.”

“Oga, idan na tsinka layi fa?”

“Ina nan.”

Babu wuta ranar, a kan risho muke gasa ƙarfen. Layukan tagullar siriri ne kamar gashi. Zafi ya yi yawa su ɗago, shi ke nan. Gumi na shiga idona, ba hannun sharewa. Mai gem ɗin na zaune a bakin ƙofa, bai ce uffan ba, sai jan carbi. Ƙafa ɗaya. Ta biyu. A dakata ƙarfe ya sake zafi. Ƙirjina na dukan uku-uku har ta ƙarshe.

Sai bayan la’asar aka kawo wuta. Muka jona. Sonic ya fito da shuɗinsa tangaran, har ya fi na da kyau. Mutumin ya miƙe, ya riƙe hannuna da hannayensa biyu, ya yi ta sa wa iyayena albarka. Maigida bai yabe ni ba, amma kuɗin aikin gaba ɗaya ya zuba mini a aljihu.

Yau masu sha’awar tsofaffin gem a Turai da Amurka suna yin wannan canji don hoto ya ƙara kyau kawai. Mu abincin wani muke ceto. Maigida ya rasu, Allah ya jiƙansa. Har gobe ba na yar da mataccen fanel, kuma duk yaron da ya shigo hannuna sai na koya masa ya nemo mai laifin kafin ya ce abu ya mutu.