Hanci Ma Yana da Nasa Rabo

Bahaushe ya ce hanci bai san daɗin gishiri ba, kuma gaskiyarsa. Sai dai shi ma harshe akwai inda saninsa ya tsaya. Abu biyar kacal yake rarrabewa: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, da ɗanɗanon nan mai cika baki da daddawa ke ba miya. Sauran abin da muke kira daɗin abinci ƙamshi ne da ke bi ta bayan maƙogwaro ya hau hanci. Shi ya sa mai mura zai ce miyar yau salam take, alhali hannun da ya kaɗa ta jiya shi ya kaɗa ta yau. Wannan rabon aiki ne ya ba mu damar yin musu a kan abin shan da mutum ɗaya kawai a cikinmu ya kai bakinsa.

Mu huɗu ne, karatu ya haɗa mu a Gilasgo ta ƙasar Sukotlan. Uku Musulmi, na huɗun Bahaushe Kirista ɗan Wusasa, wanda ya fi mu duka iya karin magana. A wani hutun Agusta muka nufi Islay, tsibirin da masu shi ke kira Aila. Daga Kennacraig ake hawa jirgin ruwa, tafiyar kusan awa biyu. Mutanen tsibirin ba su wuce dubu uku da 'yan kai ba, amma sunansa ya zaga duniya saboda wuski. A bakin ruwan Loch Indaal akwai gidan dafa barasa na Bruichladdich, wanda aka gina a 1881, aka rufe a 1994, aka sake buɗewa a 2001. Daga 2010 suka fara dafa wata giya nau'in gin mai suna The Botanist, wato masanin tsirrai. Sunan ne ya ja mu, don biyu daga cikinmu ilimin tsirrai suke karantawa.

Gin dai barasa ce fara tas kamar ruwa, wadda ake sake dafawa da 'ya'yan wani itace mai suna junifa har ta ɗauki ƙamshinsa. In babu junifa, ba a kiranta gin. Kowane gida kuma yana da nasa haɗin da yake ƙarawa. A wannan gidan kayan haɗi 31 ne. Tara daga cikinsu sayowa ake yi daga nesa, irin su kirfa, ɓawon lemun tsami da na lemun zaƙi, da junifar kanta. Sauran 22 ɗin a tsibirin ake tsinko su da hannu, a gefen hanya da bakin rafi da fadama da kan tudu, tun daga ƙarshen sanyi har zuwa lokacin da ganye ke zuba. Richard da Mavis Gulliver, mata da miji masana tsirrai, su suka fara zaɓo su.

Yadda ake sarrafa su ya ba mu sha'awa, don dabara ce da duk wadda ta taɓa turara dambu ta sani. Saiwa da ɓawo da ƙwaya masu tauri a cikin tukunyar jan ƙarfe ake jiƙa su, wadda ma'aikatan suka raɗa wa suna Ugly Betty saboda muninta. Fure da ganye kuwa ba sa jure tafasa, sai a ɗaure su a ƙyalle a ajiye su a hanyar da tururi ke bi. Tururin ya ratsa su, ya kwashi ƙamshinsu, ya je ya huce ya koma ruwa. Dahuwa ɗaya takan ci awa 17.

Kafin mu shiga ɗakin ɗanɗano sai da muka tsaya muka yi shawara, don abin ba na wasa ba ne a wurinmu. Shan dai babu shi a zancen mu uku. Tambayar ita ce zaman. 'Yar'uwarmu ta ce, "Ku shiga, ni zan jira ku a bakin ruwa. Zuciyata ba ta kwanta da zama inda ake zuba ta ba." Ba wanda ya ja da ita. Ɗan Wusasa ya ce, "Malamai, in shigata za ta dame ku, mu koma duka." Muka ce ya shiga, mu biyu mu raka shi, rabonmu ya tsaya a hanci. Shekara biyu muna cin tuwo a kwano ɗaya, yana jiranmu mu idar da salla, muna jiransa ya dawo daga coci ranar Lahadi. Wannan ma irin jiran ne.

Ƙarfin barasar kashi 46 cikin ɗari ne, don haka da ka kai hanci kusa sai ta doke ka kamar hucin barkono a kasko. Aka ɗiga mata ruwa kaɗan, zafin ya lafa, sai ƙamshin ya soma fitowa ɗaya bayan ɗaya. Na farko sanyin na'ana'a, kuma da dalili, don iri uku ne a ciki. Bayansa wani ƙamshi mai kama da zuma da busasshiyar ciyawa. Can ƙasa kuma junifa, mai ƙamshin ɗanyen itace da ƙaro. Ɗan Wusasa ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Ya ce da farko akwai ɗan zaƙi da santsi, sai ɗaci siriri a gefen harshe, sai ɗumi a ƙirji. Muka ce ina furen? Ya yi shiru, ya fitar da numfashi ta hanci, sannan ya ce, "Ga shi nan, sai yanzu ya iso." Muka yi dariya. Ashe shi ma ta hanci furen ya same shi, ta ƙofar baya, mu kuwa ta ƙofar gaba.

Musun ya tashi a kan ƙamshin zumar. Ɗayanmu ya ce furen heather ne, wanda a watan ya rufe tuddai da launin shunayya. Ɗayan ya ce a'a. 'Yar'uwarmu da ba ta shiga ba ita ta raba gardamar. Muna fitowa muka tarar da ita tsugune a bakin wata magudana, gaban wani farin fure mai kama da kumfa. Meadowsweet ke nan. Muka sunkuya muka shinshina, ga zumar nan ɗungurungum. Tsiron yana ɗauke da sinadari ɗan'uwan na asfirin, kuma daga tsohon sunansa na kimiyya, Spiraea, aka yanko sunan maganin. Gaba kaɗan ta nuna mana bog myrtle, wanda mutanen wurin ke murzawa don korar ƙananan ƙwari masu cizo. Gorse, mai ƙaya da fure ruwan ɗorawa da ke ƙamshin kwakwa, lokacin cikarsa ya wuce, sai ɗaiɗai muka gani.

A nan muka gane abin da ake sayarwa a kwalbar. Barasa ko'ina ana yin ta. Abin da ke da tsada shi ne mutumin da ya san wace fadama ke fid da wane tsiro, a wane mako furensa ke cika, da kuma nawa za a tsinka a bar saura. Junifar tsibirin ma kaɗan ake sakawa, don itacen ya yi ƙaranci a Sukotlan, ga wata cuta da ke kashe shi. An ɗauki mutum aiki, ana biyansa albashi, don ya yi yawo a daji ya tsinko ganye.

Irin wannan sanin a gidajenmu muka taso muka tarar da shi, ba a kwalba ba, a kaskon turaren wuta da tukunyar shayi da randar ruwa. Iyayenmu mata sun san inda ake haƙo kajiji da saiwar jema, sun san nobe da ɗaɗɗoya, sun san lokacin da furen bagaruwa ke cika iska da ƙamshi. Ba wanda ya taɓa kiransu masana tsirrai. Fadamun da suke zuwa, da yawa an yanka su filaye an gine, 'yan matan da ya kamata su bi su kuma suna makaranta a birni, kamar mu.

A jirgin dawowa muka ɗauko takarda muka ce mu ma mu jera 22 na wajen Zariya, waɗanda ba a shuka su, masu ƙamshin da za a iya zubawa a zoɓo ko a shayi. Ɗan Wusasa ya kawo tazargade, aka ce ɗacinsa zai kashe sauran. 'Yar'uwarmu ta ce a sa furen tsamiya, aka rubuta. Da jerin ya soma tsayawa sai ta ce innarta za ta cike shi a zama ɗaya, har da inda kowanne yake fitowa. Muka yanke cewa ran Juma'a za mu kira ta, mu kunna naɗar murya, mu bar ta ta yi ta faɗa.