Guzurin Goggo

Yau zancen aikin hajji na kawo muku, kuma da labarin goggona zan fara, gama a kanta na koyi abin da nake so in gaya muku.

Goggo a nan birnin Sakkwato take, ba nisa da Hubbaren Shehu. Sana'arta man gyaɗa da ƙuliƙuli, tana kuma kiwon raguna ta sayar in Layya ta matso. Shekara 11 tana tari. Ta yi niyyar tafiya a 2020, sai ga annobar korona, aka hana alhazan ƙasashen waje zuwa shekara biyu a jere. Ko kwabo ba ta taɓa daga kuɗin ba. A 2023 kujera ta kai kusan naira miliyan 3, ta sayar da sauran ragunanta, ta cika, ta biya.

Da labari ya bazu sai gida ya cika, kowa da sautunsa. Wannan tana son sallaya, waccan dabino, wata kuma ta ce lalle Goggo ta sa haƙorin Makka. Ni ma na kawo nawa. Ran nan da dare muna zaune a tsakar gida, sai ta ce mini, "Ɗiyata, ke da kika yi karatu, in na isa can, mi zan fara yi?" Na buɗe baki, na rasa ta cewa. Ga ni da takardar shaidar malanta, kullum safiya ina koyar da 'ya'yan mutane, amma na kasa kawo rukunan hajji a jere. Ta yi dariya ta ce ba kome, sai ta bi mutane, abin da suka yi ta yi. Daren nan kunya ta hana ni barci. Watau gumin shekara da shekaru za a ɗora a kan kwaikwayo, in na gaba ya ɓata na baya ya bi shi.

Gari na wayewa na ɗauki Risala na tafi wurin wata malama a unguwarmu, ta biya mini babin hajji. Abin da na koyo da safe, da dare in juye wa Goggo. Rukunan hajji huɗu ne: harama, da tsayuwar Arfa, da ɗawafin saukowa daga Arfa, da sa'ayi tsakanin Safa da Marwa. Wadda ta bar ɗaya, yanka ba ya gyara mata. Jifa kuwa wajibi ne, in an bar shi ana gyarawa da yanka. Mace tana yin harama da tufafinta na sutura, ba ta ɗaga murya wajen talbiya, ba ta sassarfa a sa'ayi, ba ta kuma aski, sai dai ta rage gashinta gwargwadon gaɓar yatsa.

Da yake Goggo ba ta karatu, sai muka kafa turmi a tsakiyar gida, ta sa shi a hagunta, ta kewaya sau 7. Daga bakin rijiya zuwa ƙofar zaure muka mai da Safa da Marwa, zuwa ɗaya, dawowa biyu, har 7. Yara suna ta ƙyaƙyatawa, ita ko a jikinta. Bitar da hukumar alhazai take yi wa maniyyata kuma ba ta fasa ko ɗaya ba.

To, ku ji amfanin abin. Ana gobe Arfa, a tantinsu na Mina, wata ƙaramar mace ta ga jinin al'ada. Ta zauna tana ta kuka, wai hajjinta ya ɓaci, kuɗin mijinta sun tafi a banza, har tana cewa ba ta ga amfanin fita Arfa ba. Goggo ta matsa kusa da ita, ta ba ta labarin da muka biya a gida: Nana A'isha ma haka ya same ta a Hajjin Bankwana, ta yi kuka, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce ta ta yi duk abin da alhazai ke yi, ɗawafi kaɗai za ta dakata sai ta yi tsarki. Yarinya ta share hawaye. Ran 27 ga Yuni, 9 ga Zulhajji, suka tsaya Arfa tare, bayan kwanaki ta yi ɗawafinta. Da ta zauna a tanti, da ta komo gida da sunan Hajiya, hajji kuwa babu.

Ku tuna, ba kowa Allah yake nufa da wannan tafiya ba. Shehu Usmanu, duk da ilminsa, ya rasu a 1817 bai sami zuwa ba. Kakanninmu a ƙasa suke tafiya, ta Barno da Cadi da Sudan, su haye Bahar Maliya, waɗansu su yi shekaru a hanya, waɗansu ba a sake jin ɗuriyarsu. A 1903 Sarkin Musulmi Attahiru ya bar garin nan ya nufi gabas, aka kashe shi a Burmi, ɗansa Mai Wurno ya kai jama'a Sudan, zuriyarsu na can har yau. Mu kuwa jirgi yake ɗaukarmu daga filin Sultan Abubakar na Uku, cikin 'yan awoyi sai Madina. Amma a 2025 kujera ta haura naira miliyan 8. Galibinmu in mun sami zuwa, sau ɗaya ne a rayuwa, ba dama a ce sai baɗi a gyara.

Hajji ɗaya ne daga shika-shikan Musulunci biyar, yana kan mace kamar yadda yake kan namiji in ta sami iko, har Annabi ya kira shi jihadin mata. Saboda haka matan aure, in kuna zuba adashin kujera, ku haɗa da neman sani tun yanzu, kada ku bari sai an kira jirgi. Ku kuma 'yan makaranta, ku ne idon iyayenku mata. A garin nan Nana Asma'u ta riƙa naɗa jajoji, tana aika su ƙauyuka su koya wa mata addini. Kowaccenku tana iya zama jajin gidansu. Ki koyi babin hajji, ki zauna da innarki ko kakarki, ki biya mata a hankali, ko da turmi ne.

Goggo ta dawo lafiya, ba ta sa haƙorin ba, ta ce kuɗin sun tafi wajen hadaya. Ni dai na sami dabino da ruwan Zamzam.

Allah ya kira mu ɗakinsa, ya karɓa mana, amin. Sai mako mai zuwa.