Daga Dongul Zuwa Tokin: Makullan da Muka Riƙe

Kafin intanet ta game gari, wanda ya sayi manhaja mai tsada, ta zanen gini ko ta haɗa kiɗa, ba faifai kaɗai yake tararwa a kwali ba. Akwai wani ɗan dunƙulen roba mai haƙoran ƙarfe, kamar kwalin ashana, da ake sokawa a bayan kwamfuta, a kafar da wayar firinta ke shiga. Dongul ake ce masa. Da ka buɗe manhajar sai ta yi masa tambaya a ɓoye. In ya amsa daidai ta yi aiki, in babu shi ta kafe. Kamfanin Rainbow Technologies na Amurka da makullinsa Sentinel, da Aladdin na Isra'ila da nasa HASP, sun ci kasuwarsu sosai a shekarun 1990. Mai manhaja uku sai ya jera dongul uku, wannan a bayan wancan, wayar firinta a can ƙarshe, har sai an janyo tebur daga bango.

Ba don mai saye aka yi wannan makulli ba. Mai sayarwa ne ke tsaron kayansa daga wanda ya biya shi kuɗi. Masu situdiyon kiɗa sun fi kowa sanin zafin abin, domin a da Cubase ta kamfanin Steinberg na Jamus da ɗan makullinta na USB take tafiya, Pro Tools kuma da iLok. Makullin ya karye ana tsakar ɗaukar waƙa, aiki ya tsaya cik, mawaƙi na zaune yana jira. Shi kuwa wanda ya sa kwafin da aka fasa, ko a jikinsa, don an riga an cire wa manhajar tambayar. Mai gaskiya ke ɗauke da wahalar. Sai a 2022, da fitowar Cubase 12, Steinberg ta haƙura da dongul. Katin da ake zura wa dikoda don kallon ƙwallo ma ɗan gidan nan ne.

Bankuna ne suka juya makullin ya fuskanci ɓarawo. Duk wanda ya yi hulɗar banki ta intanet a Najeriya a farkon lamarin zai tuna tokin, ɗan abin nan mai ƙaramin gilashi da ake ratayawa da makullin mota. Ka danna, lambobi su fito, ka yi sauri ka rubuta kafin su mutu. A cikinsa akwai wata lambar sirri da banki ma ke da irinta, shi ya sa lissafinsu ke zuwa ɗaya ba tare da sabis ba. Na kamfanin RSA, SecurID, kan sauya lamba duk daƙiƙa 60. A 2011 aka yi wa RSA kutse aka kwashi bayanan waɗannan makullai, bayan wata biyu aka yi amfani da su wajen kai wa Lockheed Martin hari, kamfanin da ke ƙera wa Amurka jiragen yaƙi.

Amma ɗan damfarar unguwa bai buƙatar wannan ilimi. Waya kawai zai buga: «Ranka ya daɗe, daga banki ne, za a rufe asusunka yau, karanto min lambar da ta fito.» Mutum da bakinsa yake miƙawa. Da aka koma turo lambar ta saƙon waya, sai satar layi ta ƙaru a kai.

Wannan ɓarakar ce makullai irin YubiKey suka toshe. Yubico, kamfanin da ke ƙera YubiKey, wanda Stina Ehrensvärd da mijinta Jakob suka kafa a Suwidin a 2007, ya haɗa kai da Google, kuma a 2014 Google ta fara karɓar irin wannan makulli. Babu lambar da za a karanto wa kowa. Ka soka, ka taɓa da yatsa, ya sa hannu, kuma sa hannun ɗaure yake da adireshin shafin, don haka shafin bogi ba ya samun abin da zai yi amfani da shi. A 2018 Google ta ce tun da ta tilasta wa ma'aikatanta sama da 85,000 riƙe shi a farkon 2017, ba a sami tabbacin an yaudari ko ɗaya an ƙwace asusunsa na aiki ba.

Duk da haka bai shiga aljihun talakawa ba. Da kuɗi ake sayensa, kuma ana so ka sayi biyu, ɗaya a ajiye gida don gudun ɓata. A 2022 Apple da Google da Microsoft suka amince su cusa dabarar cikin wayar hannu, yatsa ko fuska su buɗe. Sauƙi ya samu, ban musa ba. Sai dai a garin da ake fama da ƙwacen waya, ranar da aka fizge ta, shafuka da dama ta saƙon waya ko imel suke mayar maka da asusunka, hanyar da ɗan damfara ya riga ya haddace.