Kada ka fasa tayil tukuna

Barnawa, Kaduna

Malam Garba,

Ya sanyin Zariya? Mu ma nan hunturu ya kankama, da safe idan za ka haye gada zuwa cikin gari da kyar kake hango ruwan kogi saboda hazo.

Saƙonka ya iso. Abin da ya hana ni zama shi ne maganar da ka yi cewa mai gyaran famfo ya ce a tumɓuke masai ɗin ɗakin baƙi gaba ɗaya, a sayo sabo, tunda ba ya riƙe ruwa. Don Allah ka dakata. Ka san aikin bututu na yi a masaƙa a Kakuri har aka rufe ta a 2002, kuma tun daga nan gyaran gidajen mutane nake yi, daga Narayi har Sabon Tasha. Da wuya ka ga laifin na tangaran ɗin ne.

Ba ka faɗa mini wane ruwan ne ke gudu ba, don kuwa biyu ne. Akwai na tankin da ke sama, akwai kuma ɗan wanda ke kwance a ƙasan kwanon.

Idan na tanki ne, da sauƙi. Ka ɗaga murfin, ka zuba ɗan shuɗin wanki, ka hana kowa taɓawa kamar rabin awa. In ka dawo ka tarar ruwan kwano ya yi shuɗi, to robar da ke toshe ƙasan tankin ce ta gaji. Rufe famfo, zubar da ruwan, sa hannu ka shafa bakin ramin da take zama. Za ka ji yashi-yashi ko wani ɓawo mai kaushi, musamman da yake ruwan burtsatse kuke sha. Wani lokaci gogewa da soso kaɗai ta isa. In kuwa robar ta taurare ko tana bar maka baƙi a yatsa, cire ta ka tafi da ita kasuwa a hannunka, kada ka dogara da kwatance, domin girmansu ba ɗaya ba ne. Wannan yoyon shi ya fi ci mini rai, saboda ba ya ƙara, ba ya jiƙa ƙasa. Tankin nan lita 6 zuwa 9 yake ɗauka, yana tsiyaya yana sake cika dare da rana. Wanda ke sayen jarka mai lita 25 wurin 'yan garuwa, ko yake ƙona fetur a janareto don ya tura ruwa sama, kuɗinsa ne ke gangarawa sokawe yana barci.

Amma da ka ambaci wari, zuciyata ta fi karkata ga na ƙasan. Ruwan nan ba ragowa ba ne, da gangan aka ajiye shi. Wuyan masai ɗin a lanƙwashe yake, ruwa ya zauna a lanƙwasar ya zama ƙofa tsakaninka da iskar sokawe. Wani mai gyaran agogo ɗan Sikotland, Alexander Cumming, shi ya yi wa dabarar rajista a 1775, har yau kuma da ita duniya ke aiki. Da ruwan ya sauka, wari da kyankyasai sun sami hanya.

Ka ce ɗakin baƙi ne. Yaushe rabon a shige shi? A wannan busasshiyar iska, masai da aka bari makonni ruwansa na iya ƙafewa da kansa. Zuba bokiti guda, ka yi alama da fensir a inda ruwan ya tsaya, ka duba da safe. In ya sauka a dare ɗaya, leƙa wuyan da tocila. Zaren tsumma ko na mofa da ya maƙale a lanƙwasar yana zuƙe ruwan sannu a hankali kamar lagwanin fitila. Sai kuma dogon bututun iska da ke bayan gini. In tsuntsu ya yi sheƙa a bakinsa, duk sanda aka kora ruwa a ɗaya banɗakin sai ka ji wannan ya yi gurnani, ruwansa ya yi ƙasa. Tsani da sanda kawai ake bukata. Sai ka gama duk waɗannan, ka kuma ga danshi a gindin tangaran ɗin, sannan za a yi zancen tsagewa da sayen sabo.

Masu motocin nan da ake kwana a cikinsu a Amurka da Jamus ma suna fama da irin wannan. Nasu masai ba shi da lanƙwasa, wani marfi ne da zoben roba ke riƙe ruwan, kuma maganinsu shi ne a wanke zoben, a shafa masa man silikon, in ya ƙi a canza shi.

Abu ɗaya nake roƙonka da babbar murya. Kada ka bari yara su zuba asid a kan bilic wai don a kashe wari. Haɗin yana tayar da iska mai guba, ga banɗaki a rufe. Baƙin mai da kananzir kuma cinye roba suke yi.

In ka cire robar ka rasa irinta a Sabon Gari, ba direban da ke zuwa Kaduna ya kawo mini, zan duba maka a Kakuri ko Panteka. Ka gaida Hajiya da yara, ka ce wa Malam Isa ina nan tafe ɗaurin aure in Allah ya kai mu.

Naka,
Sani