Dutsen sa'a da rumfar mai shayi

Wata rana bayan sallar isha'i na tarar da 'yata ta ƙura wa wayarta ido tana murmushi ita kaɗai. Da na tambaye ta, sai ta ce, “Baba, wani labari nake karantawa da Faransanci, na san zai burge ka.” Na ce ta ba ni shi da Hausa, in ji ko harshen bai kufce mata ba.

Littafin na wani Ba'amurke ne, Travis Baldree, sunansa Legends & Lattes, ya fito a 2022. Wata jaruma ce mai suna Viv, daga jinsin dodanni, ta gaji da yaƙi, ta rataye takobinta, ta sauka a garin da ba ta da kowa, ta buɗe shagon gahawa alhali mutanen garin ba su ma san gahawa ba. Ta ɓoye wani dutsen tsafi a shagon, tana ganin shi zai jawo mata sa'a. Kwanci tashi ta samu kafinta, ta samu mai toya burodi, ta samu masu zuwa hira. Daga baya wani tsohon abokin tafiyarta ya ƙone shagon, ya sace dutsen. Mutanen nan da ta tara su suka sake gina mata shi.

Da farko na ɓata rai. Wanda ya yi karatun allo ya zauna gaban malamai ba ya jin kalmar tsafi hankalinsa ya kwanta, domin sihiri yana cikin manyan zunubai masu halakarwa. Amma da ta kai wajen gobarar sai na yi shiru, saboda labarin ya bar ƙasar dodanni ya shigo New Bell.

Kowa a Duwala ya san yadda wuta ta sha cin Kasuwar Kongo. Ta watan Fabrairun 2019 ba ta bar zukatanmu ba. Bayan wata gobara irin wannan, wani tela ya zo zauren Maigida, hannunsa babu komai sai almakashi. Kekensa ya ƙone tare da yadin mutane. Maigida ya dube shi ya ce, “Ɗana, ka yi sallar azahar?” Ya ce a'a. Ya ce, “Je ka yi, ka dawo.” Kafin ya dawo an ce in ɗauko littafi. Ni na rubuta da hannuna: mai goro jaka biyar, mahauci jaka goma, matan adashi suka bar masa kwasar wannan wata. Wani mai shayi ya ce ba shi da kuɗi, amma ya ba shi rabin rumfarsa. Kafin sallar layya telan yana ɗinki, masu shan shayi su ne masu kawo masa aiki.

Unguwar da kanta haka ta faro. Jamusawa ne suka tashi mutanen Bell daga filayensu na bakin kogin Wuri, suka yanka musu wannan wuri, kuma a kan jayayyar filayen ne suka rataye Sarki Rudolf Duala Manga Bell ran 8 ga Agusta, 1914. Daga baya wurin ya zama masaukin baƙi. Kakanninmu suka iso da fatauci, kowa ya sauka gidan wani mai masauki, ya ci tuwonsa har ƙafarsa ta tsaya. Kowane tsohon gida a nan, in an bi salsalarsa, za a tarar da mutum ɗaya da ya zo da ƙunshi a ka.

Na kuma tuna ba baƙon abu ba ne a wurinmu a saka abin mamaki cikin labari. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933, cike suke da aljannu, kuma malamai ne suka rubuta su. Sai dai su labaran tafiya ne da jarumta. Wanda ya fi kusa da na 'yata shi ne tatsuniyar 'yar bora da aka kora wanki ruwan Bagaja. Ba ta da makami. Ladabinta ga cinya da kare ne ya sa aka ba ta ƙwai, ta fasa, dukiya da jama'a suka fito. 'Yar mowa ta bi hanya ɗaya da rashin kunya, ta kwaso abin da ta shuka. Ƙwan bai bambanta su ba, hali ne ya bambanta su. Kakata ba ta taɓa koya mini tsafi da wannan tatsuniya ba, gaisuwa ta koya mini.

A addini ma muna da abin da ya fi duk wannan, kuma shi gaskiya ne. Bayan hijira a 622, Manzon Allah (SAW) ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansaru. Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi wa Abdurrahman ɗan Aufu tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai.

Abin da ya dame ni shi ne, 'yata ta samu wannan darasi da Faransanci daga Amurka, alhali tsohuwar da ta san tatsuniyar 'yar bora tana bayan katangarmu, babu mai zuwa wurinta. Tsofaffin suna ƙarewa, 'ya'yanmu kuwa suna watsuwa zuwa Kotto da sauran sababbin unguwanni, inda ba zaure ba dandali. Shekaru ina rubuta gudummawa da rasuwa da sulhu, ban rubuta tatsuniya ko ɗaya ba.

Na sayi sabon littafi. Daren Juma'a ni da 'yata muna zuwa wurin Gwaggo, ita tana ɗauka da waya, ni ina rubutawa. Wanda yake da tsohuwa a gida, ya je ya zauna kusa da ita tun tana iya magana. Allah Ya jiƙan magabata, Ya kare mu daga wuta duniya da lahira.