Kafin ku biya kuɗin loka a makarantar kwana

Jama'a, ga zare kan wani abu da ake rainawa: lokar ajiye kaya a ɗakin kwanan ɗalibai. In kana cikin kwamitin iyaye da malamai, ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai masu shirin yi wa makarantarsu abin alheri, ka daure ka karanta. Zai ɗan yi tsawo.

Ina cikin kwamitin da aka ɗora wa sayen loka a makarantar da yarana biyu suke. Ba zan kama sunanta ba. Wata huɗu muka yi muna kai-kawo. Da aka baza hotunan samfur a tebur, kowa launi da ƙyalli ya fara kallo. Amma rigimar loka duk a ƙofa da makulli take.

Ku tuna yadda rayuwar hostel take. Ɗaki na kowa ne, gado mai hawa biyu ne, bokiti ma sai an rubuta masa suna. Loka ce kaɗai abin da yaro zai ce nawa ne. Garin kwaki, sukari, madara, ƙuli-ƙuli, sabulu, da ɗan kuɗin da uwa ta ƙulle masa a leda, duk suna ciki.

In aka buɗe ta, asarar ba a kaya take tsayawa ba. Dole a nemo ɓarawo. Kuma kun san wanda ake nunawa: ƙaramin da ba shi da siniya mai tsaya masa.

Malamin ɗakin kwana ya ba mu labarin wani ɗan aji ɗaya da aka laƙaba wa sata saboda gadonsa ne kusa da lokar. Zango guda ana kiransa da wani suna. Daga baya aka gano cewa in ka ja kusurwar ƙofar ta ƙasa, sai ta lanƙwashe, hannu ya shige, kwaɗo na nan a kulle. Duk wanda ya ga dama zai iya. Kafin a gano, uban ya riga ya cire ɗansa.

Tun daga ranar na daina yi wa maganar kaurin ƙarfe kallon ƙaramin abu.

To, katako ko ƙarfe? Katako na gaske yana da daɗin gyara, kowane kafinta zai iya, amma gara ba ta da mutunci, ɓera kuma in ya ji ƙanshin ƙuli-ƙuli sai ya huda. Wannan allon na garin katako da aka matse, mai sheƙi kamar na ofis, kada ma a kawo shi. Damina ɗaya ta taɓa gindinsa ya kumbura, kusa ta daina kamawa. Ƙarfe muka zaɓa.

Sai dai ƙarfe suna ya tara. Mai walda zai ce maka "Alhaji, mai kauri ne." Ka ce ya faɗa maka lamba. A lissafin geji, ƙaramar lamba ita ce mai kauri: geji 24 bai wuce milimita 0.6 ba, geji 20 kusan 0.9, geji 18 kusan 1.2. Mutane da yawa suna jin 24 sai su ɗauka ya fi 18. Akasin haka ne.

Mun yarda jikin loka ya ɗan fi sirara don a rage kuɗi, amma ƙofa muka ce sai mai kauri, a naɗe bakinta, a kuma sa mata ƙarfen tallafi ta ciki. Ita ake bugawa, ita ake jingina, ita yaro ke rataya a kai in ana wasa.

Sannan muka rubuta kaurin a takardar yarjejeniya, ranar kawo kaya kuma muka auna da ma'auni. Ba wai rashin yarda ba ne. Bayan an shafa fenti, ido ba ya bambance 0.6 da 0.9.

Yanzu maganar da ta fi cin lokacinmu: makulli.

Lokokin da ake shigowa da su daga waje galibi da makullinsu a jiki suke zuwa. Kyau kam akwai. Amma ka ba ɗan shekara 11 ɗan mitsitsin makulli, ka ƙirga kwana nawa zai yi. Ya ɓata, sai a ɓalle ƙofa, ƙofar da aka ɓalle kuwa ba ta komawa daidai. Makullin ya lalace, sai ka zagaye kasuwa ba ka samu irinsa ba.

Ni na tsaya a kan kunne biyu na ƙarfe da ake zura kwaɗo, kowane yaro ya zo da nasa. Makulli ya ɓata, a yanke kwaɗo, a sayo wani a kanti. Loka ba ta ji ciwo ba. Amma kunnen a yi masa walda, kada a ɗaura da kusar da ake kwancewa ta waje, haka ma hinjin ƙofa. In ba haka ba, wutsiyar cokali ta isa.

Wani a kwamitin ya kawo shawarar mai lambobin sirri. Yara ba sa riƙe sirri da aboki, siniya kuma ba roƙo yake yi ba. Muka wuce.

Sauran abubuwan a gurguje. A huda ƙananan ramuka don iska ta shiga, saboda jiƙaƙƙen tawul da safa, amma kada su kai girman da ɓera zai bi. A sa mata ƙafa ta ɗaga daga ƙasa, don ruwan wanke ɗaki ne ke fara cin gindinta da tsatsa. A shafa jan fentin hana tsatsa kafin na ado. A goge duk wani kaifi.

Wannan kuma kada a yi wasa da shi: a ɗaure ta da bango. Loka mai tsayin santimita 180, siririya, yaro ya taka ƙofa don ya ɗauko abu a sama, kansa za ta faɗo.

Girma ma mun yi gardama. Mai ƙofa shida a tsaye ta fi arha a kan kowane yaro, kuma ta dace da wurin aiki inda waya da jaka kawai ake ajiyewa. Ɗan makarantar kwana kuwa kayan wata uku yake zuwa da su. Mai ƙofa biyu muka ɗauka. Muka kuma ce ba za a haɗa yara biyu a ƙofa ɗaya ba, ko da 'yan uwa ne.

A gida muka ba da aikin. Duk wanda ya san Panteka a Kaduna, ko ya taɓa sayen ƙarfe a Ƙofar Ruwa a Kano, ya san muna da masu hannu. Ribar ita ce in ƙofa ta saki bayan shekara uku, akwai wanda za a kira. Samfur ɗaya muka fara sa aka ƙera, muka ajiye shi a ɗakin manyan ɗalibai mako biyu. Abin da suka yi masa ya nuna mana inda za a ƙara walda. Kuɗin ma kashi-kashi muka biya, na ƙarshe sai bayan an girka.

Abin da har yanzu ba mu gama ba shi ne makulli na biyu. Hukumar makaranta tana so ya zauna a hannun malami, saboda binciken waya da abubuwan da aka hana, kuma suna da hujja. Wasu iyaye sun ce in kaya ya ɓata, zargi kan malamin zai koma. Ni ra'ayina a sa kowane a ambulan a liƙe, a ajiye a ofis, kada a buɗe loka sai mai ita yana tsaye. Zama na gaba za a kaɗa ƙuri'a. In makarantarku ta warware wannan, don Allah ku faɗa min yadda kuka yi.