Dessau: Garin Da Masu Zane Suka Haɗa Hannu Da Kafintoci

Matafiyin da ya bar Berlin a jirgin ƙasa ya nufi kudu maso yamma, cikin sa'o'i biyu zai sauka Dessau, wani gari mai shiru a gaɓar kogin Mulde, kusa da inda ya haɗu da Elbe. Bama-baman watan Maris na 1945 sun rushe yawancin garin, saboda haka ba don tsofaffin gine-gine ake zuwansa ba. Abin da ke jawo baƙi shi ne wata makaranta mai bangon gilashi, watau Bauhaus.

Walter Gropius ne ya kafa ta a Weimar cikin 1919, aka dawo da ita Dessau a 1925. Nufinsa kuwa shi ne ya kawar da girman kan da ke raba mai zanen hoto da mai sana'ar hannu. Don haka a farkon makarantar kowane ɗakin aiki malamai biyu gare shi, ɗaya gwanin zane, ɗaya gwanin sana'a. Tun a 1921 aka ga amfanin wannan shiri, sa'ad da wani ɗalibi ɗan ƙasar Hangari, Marcel Breuer, ya sassaƙa kujerar katako, Gunta Stölzl kuma ta saƙa mata mazauni da majingina. Ita ce ake kira Kujerar Afirka.

A Dessau aka ɗora Breuer bisa sashen kafintoci yana da shekara 23. Wata rana ya lura da yadda aka lanƙwasa kan kekensa, ga ƙarfi ga rashin nauyi, sai ya ce me zai hana a yi kujera da irin wannan bututun ƙarfe? To, shi ba maƙeri ba ne. Sai da ya nemi taimakon masu aikin ƙarfe a garin, inda masana'antar jiragen sama ta Junkers take. Daga baya sashen saƙa ya kyautata wani ƙaƙƙarfan zaren auduga da ake shafe da kaki, wanda Jamusawa ke kira zaren ƙarfe, aka riƙa ɗaura ƙyallensa a kan irin waɗannan kujeru. Margaretha Reichardt na cikin waɗanda suka yi wannan aiki.

Har wa yau baƙo zai ga irin kujerun nan jere a zauren taro da ɗakin cin abinci. Idan ya ɗan taka zuwa cikin itatuwa, zai tarar da gidajen malamai, inda shahararrun masu zane Kandinsky da Paul Klee suka yi maƙwabtaka, bango ɗaya tsakaninsu.

Makarantar ba ta daɗe ba. 'Yan Nazi sun rufe ta a Dessau cikin 1932, ta koma Berlin, inda ta watse a 1933. An gyara ginin a 1976, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1996.

Amma ga abin da ya kamata mai ziyara ya tuna. Lokacin da wani kamfanin Italiya, Gavina, ya sake ƙera kujerar Breuer bayan 1960, sai aka laƙaba mata suna Wassily, sunan Kandinsky, wanda iyakarsa ya gan ta ya yaba. Maƙeran da suka lanƙwasa ƙarfen da matan da suka saƙa ƙyallen kuwa, sai mai bincike ya san da su. Kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi, a makarantar da aka kafa musamman don hana haka.